Ranar da Mai Aska Ya Miƙa Wuya

Ka ce tun da aka ba ka riƙon ma'aikatan nan ba wanda ya taɓa kawo kuka, kowa ya yi shiru. To, kada shirun nan ya ruɗe ka. Gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mutum, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da ya yi ritaya sai sha'awar aski ta kama shi. Ba gadon gidansu ba ne, ubansa ko zabirar wanzamai bai taɓa ratayawa ba. Ya dai tara asake, akwai ta maƙeran gari, akwai mai naɗewa da ƙotar ƙashi, ga dutsen washi, ga fatar gogawa, ga buroshi mai laushi da sabulu kala-kala a kwanoni. Wasa aska kuwa, sai ya ɗaga silin gashi a iska ya ɗora mata, gashin ya rabu biyu, sannan hankalinsa ya kwanta. Kowace Juma'a da hantsi yakan ajiye benci a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya yi wa maƙwabta aski da gyaran fuska kyauta. Hannunsa da kyau, wannan ba musu. Sai dai yana da wata taƙama: aski ba kallo. Aska tana kan wuyan mutum, shi kuwa ya juya kai yana gaisawa da mai wucewa, yana gardamar siyasa, yana ƙyaƙyata dariya. Wanda ke kan benci sai ya yi tsit, ido a rufe, ko motsi babu. Shi kuma ya ce, ai daɗin hannuna ne ya sa su barci. Dattijo ne, kuma kyauta yake yi, wa zai iya buɗe baki ya ce masa ya daina? Haka aka yi shekara bakwai.

Rannan ya faɗi a kan babur, hannun dama ya karye a wuyan hannu. Mai ɗori ya ɗaure ya ce sai kwana arba'in. Kafin sati uku ƙasumba ta cika masa fuska, ƙarƙashin haɓa sai ƙaiƙayi. Sai maƙwabcinsa, wani tela da bai taɓa fashin zama a gindin bishiyar nan ba, ya ce ya kawo kayan ya gyara masa, ai ya daɗe yana kallo, ya koya. Mutumin ya zaɓo askar da ya fi so, wadda shi da kansa ya wasa kwana ɗaya kafin ya faɗi. Ya hau benci, ya jingina ƙeya da bishiya, ya miƙa wuya. Tela ya kaɗa kumfa, ya shafa, ya ja fata da yatsa biyu, ya ɗora aska daidai gefen maƙogwaro. Can sai ga wani abokin tela ya taho a kan keke. Wallahi sai tela ya juya kai gaba ɗaya, ya shiga gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya jikin tsohuwa, askar kuwa tana tafiya. Mutumin nan ya ji sanyin ƙarfe, ya ji jijiyar wuyansa tana bugawa a jikin kaifin. Ya so ya ce, dubi hannunka, amma in ya yi magana maƙogwaro zai motsa. Yawu ya taru masa a baki, ya kasa haɗiyewa. Ba abin da yake gani sai ganyen darbejiya da ƙeyar tela. Kuma ya fi kowa sanin abin da askar nan take yi wa silin gashi, balle fatar tsoho. Aka ba da wani labari, tela ya tuntsire da dariya, kafaɗarsa tana rawa, kaifin yana rawa tare da ita. Sai kuma ya ja hanci, ya ɗaga kai, alamar atishawa. Nan fa tsoro ya kama mutumin, irin tsoron da bai taɓa ji ba ko ranar da ya faɗi. Gumi ya keto cikin kumfa. Ya rufe ido, ya yi tsit, ya kama kalmar shahada a zuci, yana tunanin yau a ƙofar gidansa za a yanka shi kamar ragon suna.

Atishawar ta fasa zuwa. Tela ya ƙarasa, ya goge aska, ko ƙwarzane babu. Mutumin ya ɗago kai, ya shafa wuyansa. Ya dubi tela, ya ce, "Malam, kashe ni za ka yi?" Tela ya yi sororo, ya ce, "Subhanallahi, Alhaji! Ai yadda kake yi mana na yi maka." Mutumin ya dubi maƙwabtan da ke zaune a kan tabarma, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya ce tela ya yi ƙarya.

Saboda haka, kafin ka yabi kanka, je ka zauna inda ma'aikatanka suke zama, ka ji yadda hannunka yake. Shi ya sa Hausawa suka ce, wanzami ba ya son jarfa.