Wurin da Teku Ya Kwanta

Ruwan bai wuce ƙirjinsa ba sa'ad da na lura ɗana yana ƙara nisa, alhali tudu yake fuskanta.

Ni na zaɓa masa wurin. Mun sauke buhunan wake a Kwatano, ya roƙa in bar shi ya shiga teku kafin mu koma Mayahi. Dama da hagu ruwa yana tumbatsa da kumfa, amma tsakiya ya kwanta lumui kamar tafki bayan damina. Na ce nan ne lafiya.

"Baba, yana ja na!"

"Miƙo sak, ka nufo ni!" na ƙwala masa. "Kada ka karkata!"

Wani masunci ya yar da komarsa, ya sheƙo yana ihu da Faransanci, yana nuna gefe. Na ture shi, na ɗaga murya har ta danne tasa. Ɗana ya dubi masuncin, ya dube ni, ya ci gaba da iyo, hannuwansa suna nauyi, kansa yana ƙanƙancewa.

Sai bayan an lulluɓe gawarsa a kan yashi wani direba ya fassara mini ihun masuncin: nan ne hanyar da ruwa ke komawa ciki, ba a kokawa da shi, gefe ake ratsawa a fita.

Ɗana a Tasawa ya gama lise, sakandaren da ake koyarwa da Faransanci, babu kalmar masuncin da bai fahimta ba. Muryoyi biyu suka same shi cikin ruwa, sai ya bi ta mahaifinsa.