Kwamfutar Hayatu

Gazali ya kwance murfin kwamfutar, ya hure ƙurar da ta kwanta a kan babban allonta. Rahama, ƙanwar Hayatu, ce ta kawo ta shagonsa na Ƙofar Atiku. Ta ce yayanta na so a kunna mata TPM, ɗan makullin nan da ke tsare bayanai. Ta ƙara da cewa Hayatu ya hana a kai wa kowa sai Gazali, kuma ya ce Gazali ya duba cikinta a tsanake.

Gazali bai ko ɗaga kai ba. Wannan aiki Hayatu ya iya shi da kansa, amma bai tsaya tunanin haka ba.

Da can tare suke da shagon ɗaukar bidiyo. Ranar wani biki Hayatu ya rasa wurin zuba aiki, ya goge wani faifai bai tambaya ba. A ciki ne bidiyon Sadiyatu yake, 'yar Gazali da zazzaɓi ya ɗauke tana koyon magana. Hayatu ya yi ta zaryar ban haƙuri har gidan Gazali a unguwar Gidan Dare. Gazali ya jefa masa faifan a ƙirji, ya rantse sai Hayatu ya ɗanɗana irinta.

Yau ga kwamfutar Hayatu a hannunsa.

Ya shiga saitin allon, ya kunna makullin. Bai buɗe komai ba, don ba ya son ganin arzikin da Hayatu ya yi bayansa. Ya kulle faifan kwamfutar gaba ɗaya, ya watsar da lambobin ceto da ake buɗe shi da su in mabuɗi ya ɓace. Sannan ya koma saitin, ya share mabuɗin da makullin ke riƙe da shi. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna da ƙarfi.

Da ta sake tashi, sai ta nemi lambobin da babu su a duniya. Gazali ya ji wani sanyi a ransa, har ya aika a sayo masa fura.

Bayan la'asar Hayatu ya shigo, ya rame, yana murmushin mai jin nauyi.

"Ka buɗe ta kuwa, ɗan'uwa? Har Legas na kai tsohon faifan. Sun ceto bidiyon kafin ya mutu ɗungum, cikin kwamfutar nan ɗai aka zuba shi. Ɗiyarka na ciki, tana kiran Baba."