Da Saura, Farfesa

Wata takwas ke nan farfesa yana baro Samaru duk Asabar, yana dukan ƙwallon golf a filin 'yan koyo. Yau da ya hango abokansa sun nufi ramin farko, haƙurinsa ya ƙare.

"Koci, ko rami uku ne bari in buga mana. Ai hannuna ya faɗa."

Kocin ya zazzage masa wani bokitin ƙwallaye a gabansa.

"An yi ƙoƙari, ranka ya daɗe, amma da saura. A gyara, a dawo."

Gaban farfesa ya faɗi. Kalmominsa ne sak. Shekara tara yana rubuta wa wani ɗalibi su da jan biro, bai taɓa ɗaga ido ya kalli fuskarsa ba sai yau da ya gan shi a matsayin kocinsa.