Ranar da Aka Dawo da Ungulu

Shekara arba'in rabon duniya da ganin ungulu, sai masana suka tayar da ita daga wani ƙashi da aka tono a kogo. Ranar da aka saki guda shida a mahautar garin, Mantau, tsohon Sarkin Fawa, ya fito da ƙwaryar hanji, matarsa Ladidi na dogara sanda a bayansa.

Ita ta matsa su zo. Tana budurwa, da ta hangi ungulaye na jewa a sama sai ta san ya yi yanka, ta ɗauko tallan fura don kawai ta gan shi. Yanzu idonta na dushewa, jewa ɗaya take roƙo.

"Kira su mana, tsoho, ko bakin ya mutu?"

Mantau ya yi fiton da mahauta ke yi a da, ya cilla hanji sama. Tsuntsayen suka tako a ƙasa, suka jeru a gabansa kamar masu jiran allura. Ko ɗaya ba ta ɗaga kai ba.

"Ba su ba ne, Ladidi."

Ta daɗe tana kallon sama.

"Marayu ne, ba wanda ya nuna musu jewa. Zuba musu su ci."