Haƙorin Wanzami Hammanjoda

Kwana tara ke nan Asta tana dama wa mijinta kunu safe da rana, don haƙorin Malam Hammanjoda ya hana shi tauna ko da dafaffen dankali. Kumatunsa ya yi suntum kamar ya ɓoye goriba.

Shekara talatin ya yi yana wanzanci a unguwar Kachalla Sembe. Ya cire beli, ya cire haƙoran rabin unguwa, wanda ya yi raki kuma ya sha zagi.

Matsalar ita ce maganin tsinka jini da yake sha saboda zuciya. Likitar haƙori ta ce sai ya kawo gwajin daskarewar jini. In lambar ba ta kai uku ba, za ta cire. In ta wuce, ba za ta taɓa ba, kada jini ya ƙi tsayawa.

Tun hantsi ya fita, shi kaɗai, wai gwaji ba biki ba ne. Sai la'asar ya dawo a galabaice, hannayen rigarsa a sauke duk da zafin Jalingo. Ya miƙa mata takarda: uku da ɗigo ɗaya.

"Ƙaddara," ya ce. "Ni da na so a gama yau."

Tausayi ya kama Asta. Washegari ta kai takardar wurin Roseline, maƙwabciyarsu mai aikin gwajin jini.

"Mama, wannan lamba ba a kafe yake ba," in ji Roseline. "Jini ɗaya, inji biyu, wannan ya ɗan hau, wancan ya ɗan sauka. Ku sake a wani wuri."

Asta ta dawo da murna. Malam ya haɗe rai.

"Ni ɗan siyasa ne da zan yi ta yawon kotu don sakamako bai min daɗi ba? Abin da inji ya faɗa, na karɓa."

Asta ta jinjina tawakkalin mutumin nan. Ta ɗauki rigarsa ta jiya za ta wanke, ta zazzage aljihu. Audugar allura ta zubo, har dunƙule shida.

A ƙarƙashinta akwai takardu biyar daga ɗakunan gwaji biyar, duk na jiya, kuma babu wadda lambarta ta kai uku.