Na Share Ɗakin Giyar Remi

Mijina Remi yana kwance a asibiti na shiga ɗakin da yake dafa giya da tsintsiya, na toshe hanci. Yanar gizo har rufi, katako ya yi baƙi ƙirin, ga wani tsami kamar amai. A nan yake barin tukunya a buɗe, duk abin da ya faɗo daga sama ya faɗa ciki. Shekara talatin mutanen garinmu Gooik suna sha suna lashe baki. Tir.

Kwana uku ina kankara da ruwan zafi da sabulu, na shafe bangon da farin fenti. Gizo ko ɗaya ban bari ba.

Ranar da aka sallamo Remi daga asibiti, ya tsaya a ƙofar ya dafa bango.

"Godelieve, kin kashe ni. Ƙurar nan ce ke sa giyar ta nuna. Tun zamanin kakana ba a taɓa share ta ba. Ni da giya kuma har abada."

"Wayyo, ban sani ba," na ce.

Na sani sarai. Ni ce likita ya ja gefe ya nuna wa hoton hantarsa.