Samfurin Hanji Mai Lamba

"Malam, zo ka ga wannan," in ji likitar, idonta a kan na'urar hangen ƙwayoyi.

Shugaban ɗakin binciken ya matso. Aikinsu nazarin wasu sinadarai ne da jiki ke haɗawa daga kitse, waɗanda ke kai wa bangon hanji saƙon ya kwantar da kumburi ya ɗinke rauninsa. Marasa lafiya kan ba da samfuri daga asibiti, a sa masa lamba maimakon suna.

"Saƙon ya kusa ɗaukewa gaba ɗaya," ta ce. "Bangon duk ya zama rariya. Mai wannan hanjin ta daɗe tana cin wuya."

"Ga shi kuma ta daina zuwa asibiti."

Ran likitar ya ɓaci. "Wai ba ta da 'ya'ya ne? Mace tana narkewa a gabansu, ba wanda ya lura? Wallahi wasu haihuwarsu asara ce!"

"Yi a hankali, Likita."

"Ba ni lambar wayarta. Ko ba ita ba, sai na wanke wani tas a gidansu."

Ya nemi izini daga asibitin, ya karanto mata. Tana dannawa, tana huci. Kafin ta kai ƙarshe, wayar ta cike sauran da kanta, suna ya bayyana.

Ta danna kira. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"'Yar albarka," in ji mahaifiyarta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Yau kin tuna da ni? Kin dai ci abinci ko?"